Kalmar da Ta Ɓalle Ƙofar Malam Sa'idu

Ranar Talata, tara ga watan Afrilu na 2019, a farkon Sha'aban, da hantsi, ina zaune a ɗakina na Belleville, a Paris, sai salula ta yi ƙara. Raihana ce, 'yarka, daga Lyon. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Baba Saley, Abba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zuciyar da ta shekara biyu tana ba ka wahala ta tsaya a gadon asibiti, kana da shekara sittin da ɗaya. Ranar Juma'a muka yi maka salla, muka kai ka ɓangaren Musulmi na maƙabarta, nesa da Damagaram inda kullum kake cewa can za ka kwanta.

Malam Sa'idu, shugabannin ƙungiyarmu ta 'yan Nijar mazauna Lyon sun ce in rubuta ta'aziyyarka, a karanta bayan sallar Juma'a, a kuma buga a takardar ƙungiya. Sun ce ni na fi kowa daɗewa da kai, kuma wai ni ne mai alƙalami. Na karɓa, amma da nawa dalilin. Akwai mutum mai rai a unguwarku, Mounkaila, wanda ya fi shekara uku ana kallonsa a matsayin wanda ya kai ka ga hukuma. Ka rasu kana zarginsa. Bai yi ba. Na san wanda ya yi, kuma zan faɗa kafin in ajiye alƙalami. Sai dai bari in fara da kai, tun da ta'aziyyar taka ce.

Mun san juna tun muna samari a Damagaram. Ni ina lise, sakandaren boko ta Faransanci, ina yawo da littattafan Faransanci a hammata don a gani. Kai kana madarasa, inda ake haɗa Larabci da boko, kuma mu 'yan lise muna raina ku, muna cewa ba ku ga nan ba ku ga can. Na riga ka zuwa Faransa da shekara huɗu, na karanta shari'a, na tara digiri uku. Kundin da na rubuta na ƙarshe a kan hurumin gida ne, wato dalilan da suka sa hukuma ba ta shiga ɗakin mutum sai da izinin alƙali. Malamaina sun yaba ƙwarai. Lauya dai ban zama ba, kuma ba nan ne wurin lissafa ƙofofin da aka rufe mini ba. Na ƙare a tafinta, Hausa zuwa Faransanci, a kotuna da ofisoshin 'yan sanda, duk sa'ad da aka kama wani namu da ba ya jin harshensu. Kai kuwa ka karanta ilimin sinadarai, ka samu aiki a ɗakin gwaji na wata masana'anta a Saint-Fons, ka yi shekara ashirin da huɗu kana shiga da fita da baj, katin shiga ma'aikata, a wuya, ba a taɓa kiranka ofis don wani kuskure ba.

Metir kake ce mini, yadda ake kiran lauya a ƙasar nan, don tsokana. Ranar da ka fara zuwa ɗakina a Paris ka tsaya ka dubi bango, ka dubi madafa, ka ce, "Metir, shahada har uku a bango, tukunyar kirki ko ɗaya babu." A bakinka, kamar kowane ɗan madarasa, takardar gama karatu shahada sunanta. Ban taɓa jin ka ce diplom ba. Ka yi ta yi mini wannan ba'ar shekara da shekaru, ni kuma ina rama wa da cewa Faransancinka yana warin tawada da allo.

Ɗaliban da suka zo Lyon tun farkon shekarun dubu biyu za su tuna ɗakin ajiyarka na ƙarƙashin bene a Minguettes. Mutane suna ajiye tsofaffin kekuna da kwalaye a nasu, kai ka cika naka da manto, wato rigar sanyi. Duk bazara kana bin inda ake sayar da kayan gwanjo kana tara rigunan sanyi, matarka Hajiya Safi tana wankewa tana liƙe maɓallai. In Satumba ta yi sai ka kama zarya zuwa tashar Part-Dieu, manto a kafaɗa, kana jiran yaro ko yarinyar da aka ba lambarka daga Maraɗi ko Tawa. Ba ka tambayar ɗan wane ne. Ka taɓa ce mini mutum yana iya jure yunwa da kewa a makonsa na farko, amma in sanyi ya shige shi tun a tasha to ya tsani ƙasar ke nan har ya bar ta, kuma wanda ya tsani wuri ba ya karatu a cikinsa. Yau cikin waɗanda suka sa waɗannan riguna akwai likitoci da injiniyoyi. Na ga wasunsu a maƙabarta, da mantonsu masu tsada, suna kuka kamar yara.

A zafin 2003, lokacin da tsofaffi suka yi ta mutuwa su kaɗai a ɗakunansu, asansar ɗin beninku, na'urar hawa da sauka, ta lalace. Kuna hawa na goma sha ɗaya. Ƙofar da ke kallon taku ta wata tsohuwar Baturiya ce wadda mijinta ya rasu, 'ya'yanta kuma suna nesa. Kwana tara kana hawa da kwalaben ruwa a ƙafa, safe da yamma, kana jiƙa mata tawul, kana tsayawa sai ka ga ta sha. Daga nan ta ba ka mabuɗin ɗakinta, kai ma ka ba ta naku, saboda ko-ta-kwana.

Ni ma na ci nawa rabon. A 2006, da aurena ya mutu na rasa inda zan sa kaina, ban kira kowa ba don kunya. Kai ka ji a bakin wani, ka hau jirgin ƙasa ka zo Paris ka ɗauke ni kamar kaya. Wata huɗu ina kwana a falonku. Ban taɓa jin ka tambaye ni yaushe zan tashi ba. Abin da kawai ka hana ni shi ne maganar siyasa a kan abinci. Kakan ce, "Metir, ka bar Jamhuriya ta huta, tuwo yana hucewa." Tuwon garin semul ne, kai kake tuƙa shi ranar Lahadi da kanka, kana auna ruwa da ƙoƙon awo kamar kana ɗakin gwaji, Safi tana dariya tana cewa a gidansu da ido ake yi. Bayan tuwo sai shayi, kuma ba a ɗora buta sai Mounkaila ya hawo daga hawa na shida. Bazabarme ne na Doso, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito, Hausarsa tana karkacewa, kai kana gyara masa yana ƙara karkata ta da gangan don ya ba ka haushi. Shi ke riƙe mabuɗin ɗan ɗakin da kuke salla a ƙasan bene.

Sai Juma'a, goma sha uku ga Nuwamba na 2015. Kowa ya san harin da 'yan bindiga suka kai a Paris a wannan rana, kuma ba ni da abin da zan ƙara sai addu'a ga waɗanda aka kashe ba su ji ba su gani ba. Wasu daga wuraren da aka yi ɓarnar tafiyar minti goma ce daga ɗakina. Washegari na bi ta wajen, na ga yashin da aka zuba a bakin titi don rufe jini. A metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutane suna ɗaga ido su dubi gemuna su sauke. Ban ga laifinsu ba, ni ma tsoro nake ji.

Aka kafa dokar ta-ɓaci, ana farautar waɗanda suka tsere. Abin da na ɓata ƙuruciyata ina rubutu a kansa aka naɗe shi aka ajiye gefe. Ba a bukatar alƙali kuma. Sa hannun farefe, wakilin gwamnati a jiha, ya isa a shiga gidan mutum in ana zaton wani abu. Cikin 'yan makonni aka shiga gidaje dubbai. Aka shiga na Mounkaila tun a makon farko, saboda mabuɗin ɗakin sallar nan. Ba a samu kome ba, amma an kwafe duk abin da ke cikin salularsa kafin a miƙa masa ita.

Ranar Litinin, ashirin da uku ga watan, aka kira ni wani ofishi a Paris. Aka ba ni tebur a lungu da tarin takardu, saƙonnin Hausa da aka tsinto daga wayoyi dabam dabam. Babu sunaye, sai lambobi da kwanan wata. Yawanci gaisuwa ce da cinikin kilishi da faɗan miji da mata. Wani matashin jami'i, idanunsa ja don rashin barci, yana zuwa yana tsayawa a kaina yana tambaya ko na ga wani abu. A shafi na goma sha wani abu na iske wannan, da kwanan wata goma sha uku ga Nuwamba:

"Alhamdu lillahi. Yaronmu ya samu shahada yau a Paris. Wahalarmu ba ta tashi a banza ba. Ku taya mu murna."

Na tsaya a kan kalmar. Ba zan yi wa Allah ƙarya ba, ma'anonin biyu duka sun zo mini, ta mutuwa da ta takarda. A ƙasan kowane shafi akwai fili da aka bari don bayanin mai fassara. Layi ɗaya ya ishe ni in ce kalmar nan tana da fuska biyu, a bincika. Ko kuma in tambayi jami'in ƙarfe nawa aka aika saƙon. Ban yi ko ɗaya ba. Abin da na tuna shi ne kaina. Na ce in na rubuta cewa wataƙila diplom ake nufi, sannan ta tabbata mahaifin wani makashi ne, za a ce tafinta baƙi Musulmi ya rufa wa 'yan uwansa asiri. Na rubuta da Faransancina mai kyau, wanda malamai suka yaba: notre fils est tombé en martyr, ɗanmu ya faɗi yana shahidi. Na bar filin bayani fari. Jami'in ya karanta, ya dafa kafaɗata, ya yi mini godiya. Na fita ina jin na yi wa ƙasa aiki.

Saƙonka ne, amma ban haddace lambarka ba. Salula ce ke riƙe mana lambobi yanzu. Ban kuma san ranar goma sha ukun nan ce Nazir, ɗanka, ya kare kundin doktoransa a Paris ba, don a lokacin na yi watanni ina fushi da kowa, ba na ɗaukar kira, kai kuma ka gaji ka ƙyale ni in huce.

Ranar Alhamis suka zo muku, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, daidai lokacin da mata ke dawowa da yara daga makaranta, don haka duk bene ya gani. Ka ji takun mutane a matakala, ka leƙa ta ramin ƙofa, ka ɗaga murya ka ce ga mabuɗi a hannunka, su dakata ka buɗe. Suka ɓalle ta duk da haka. Aka kwantar da kai a kan tayil, da kai da furfurarka. Aka zaunar da Safi da Raihana a kan kujera, aka karɓe wayoyinku. Sai babbansu ya tambaye ka da Faransanci yaushe ɗanka ya mutu, kuma wa ya kawo maka labari.

Safi tana jin Faransanci sarai. Abin da ta fahimta shi ne an zo gaya mata Nazir ya mutu. Ta roƙe su a ba ta waya ta kira shi, aka ce sai an gama. Awa biyu suna zazzage akwatuna, suna farke katifu, suna buɗe tulin mantonka na ƙasan bene ɗaya bayan ɗaya, ita tana zaune da mutuwar ɗanta a ƙirji. Kai kana ƙasa kana cewa shahada takarda ce, takardar makaranta. Suka ce ina takardar. Babu, don jami'a ba ta bayar da ita sai bayan watanni. Ka nuna musu katin gayyatar kare kundin a jikin firij, ba wanda ya juya. Sai da aka kira Paris, aka iske Nazir a ɗakinsa yana cin taliya, sannan suka tattara suka tafi. Suka bar muku takarda mai cewa ba a samu kome ba.

Ranar Asabar na sauka Lyon, don da Raihana ta kira wannan karon na ɗauka. Na iske katako an buga a madadin ƙofa. Ka zaunar da ni, ka buɗe salula ka miƙo mini. Jimloli huɗu ne, na san su tun kafin in kai ƙarshe. A samansu an rubuta lokaci: shida da minti arba'in na yamma. Ba a harba ko harsashi ɗaya a Paris ba sai bayan ƙarfe tara.

Ka ce, "Metir, kai ne ka san aikin nan. Wane jaki ne ya fassara musu wannan?"

Na ce, "Allah kaɗai ya sani."

Ka ce, "To shi da Allah. Ɗauko alƙalami, ka rubuta mini ƙara."

Na rubuta. Ita ce takarda mafi kyau da na taɓa rubutawa a rayuwata, shafi shida, duk abin da na koya a kan hurumin gida na zuba a ciki. Don in nesanta kaina, na ƙara jimla ɗaya: a bayyane yake cewa wanda ya yi fassarar bai san Hausa ba sai ta kasuwa, domin kowane Bahaushe mai ilimi ya san ma'ana ta biyu. Ka ji daɗin jimlar nan har ka sa na karanta ta a gaban jama'a a ɗakin salla. Ban lura da yadda kawuna suka juya ba sai daga baya. Wa ke da Hausar kasuwa a beninku? A wayar wa aka ga saƙon? Wa aka shiga gidansa aka fita ba a taɓa shi ba? Kafin mako ya zagayo magana ta zauna: Mounkaila ne ya ba su saƙon, ya kuma fassara musu don ya ceci kansa. Ya hawo har ƙofarka da Alƙur'ani a hannu zai rantse, ka ce ya mayar da littafin Allah inda ya ɗauko shi. Aka karɓe mabuɗin ɗakin salla daga hannunsa. Matarsa ta daina zuwa suna da biki, don in ta zauna sai a tashi.

Ni kuwa na koma Paris a matsayin aminin da ya tsaya maka.

Abin da ya biyo baya kowa a Vénissieux, yankinku, ya gani. Da ka koma aiki ranar Litinin bajinka bai buɗe ƙofa ba. Aka ce wuri ne mai haɗari, sai an gama bincike. Binciken bai ƙare ba har aka mayar da kai wani reshe kana lissafin kwalaye, daga nan aka lallaɓa ka ka yi ritaya kafin lokaci. Tsohuwar Baturiyar nan, maƙwabciyarku, ta sa mabuɗinku a ambulan ta jefa a akwatin wasiƙunku, babu ko kalma. Ban zarge ta ba, ta tsufa kuma ta ga bindigogi a bakin ƙofarta, amma na ga yadda ka riƙe ambulan ɗin. Bayan shekara biyu kotu ta ce shigar da aka yi ba ta da isasshen dalili. Takarda ce mai shafi uku. Ka karanta, ka ce, "To, madalla," ka sa ta a aljihun tebur tare da takardun garantin firij.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne harshenka. Tun daga ranar ba ka ƙara rubuta Hausa a waya ba, ba ka kuma yi ta a waya ba. Ƙanenka ya kira daga Damagaram ya ce, "Yaya, ina kwana," sai ka amsa masa da Faransanci, ka ce ya yi magana yadda masu saurare za su gane ba sai sun nemi tafinta ba. Mutumin da ke gyara wa kowa karin harshe, wanda ya hana 'ya'yansa Faransanci a kan tabarmar abinci, ya koma yana gaida 'yar uwarsa tsohuwa da bonjour, ita kuwa ba ta jin ko kalma ɗaya. Ni na yi maka wannan.

Na yi niyyar faɗa maka ya fi a ƙirga. Sau ɗaya har na fara, a kan benci kusa da tashar tiram, jirgin cikin gari, na ce, "Sa'idu, maganar fassarar nan." Ka ɗaga hannu ka ce kada in ambaci sunan Bazabarmen nan a gabanka, jininka yana hawa. Na fasa, na kuma gaya wa kaina don lafiyarka na yi. A watan Maris da ya wuce na zo asibiti da shirin ba zan fita ba sai na faɗa. Ka sa na kashe salulata na sa a aljihun manto, ka sa Raihana ta fita da manton waje, sannan ka saki Hausa. Ka yi ta ba ni labarin kasuwar Dole ta Damagaram, da malamin da ya koya maka lissafi da Larabci, da wata rana da ka faɗa tabki da sabuwar riga. Ka yi dariya har na'urar da ke kanka ta yi ƙara. Rabona da in ga fuskarka haka tun kafin a ɓalle ƙofa. Na ce ba yau ba, sai zuwa na gaba. Da zan tafi ka kama hannuna ka ce, "Metir, kai kaɗai ne ba ka canza mini ba."

Ranar jana'iza liman ya juyo ya ce, kamar yadda aka saba, duk wanda Malam Sa'idu ya saɓa wa ya yafe masa. Jama'a suka amsa, mun yafe. Ni ma bakina ya motsa tare da su. Ba wanda ya tambayi gawa ko ta yafe wa masu rai. A sahun ƙarshe na hango Mounkaila shi kaɗai, ya rame, da tazarar mutum biyu tsakaninsa da na kusa da shi. Da aka ɗaga ka ana karɓa-karɓa, ya matso ya miƙa kafaɗa, sai wani ya sa gwiwar hannu ya tare shi. Ya ja baya. Ya bi mu daga nesa har bakin kabari, ya jira kowa ya watse, sannan na ga ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya zuba.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, na roƙi Hajiya Safi da Nazir su ba ni minti biyar. Na faɗa musu duk abin da na rubuta a nan. Nazir ya tashi ya tsaya a taga har na fita. Safi ta daɗe tana kallon carbinta.

Ta ce, "Malam Saley, wata huɗu ina dafa maka abinci a gidan nan."

Na ce, "Haka ne, Hajiya."

Ta ce, "Awa biyun nan tawa ce, ni da Allah, zan ga abin da zan yi da ita. Nasa kuma ya tafi da shi. Amma akwai wanda yake hawa na shida. Sauka."

Na sauka. Mounkaila ya buɗe, ya tsaya a bakin ƙofa, bai ce in shiga ba. Ya saurare ni har ƙarshe. Da na gama ya ce, da Hausarsa da muka yi ta yi wa dariya, "Ni a masallaci aka ɓata ni, gaban mutane. Kai kuma ka zo gyara a matakala?" Ya rufe ƙofa a hankali.

Gaskiyarsa. Shi ya sa da shugabannin ƙungiya suka nemi wanda zai rubuta, ban bari an ba wani ba. To ga shi a masallaci, gaban mutane. Ni, Saley, wanda kuke kira Metir, ni na fassara saƙon. Na san ma'ana ta biyu, na ɓoye ta don tsoron kaina. Ni na rubuta jimlar da ta sa kuka juya wa Mounkaila baya, na kuma zuba ido shekara uku da wata huɗu. Bai ba kowa wayarsa ba, ƙwace ta aka yi a kwafe, kamar yadda aka yi wa dubbai. Ina da abin faɗa mai yawa a kan dokar da ta bar layi ɗaya na fassara ya isa a ɓalle ƙofar mutum ba tare da wani alƙali ya tambayi ƙarfe nawa ba, kuma da can da na cika shafi goma a kai. Yanzu ba ni da bakin. Dokar ta buɗe hanya, amma da hannuna na bi ta. Duk wanda ya janye hannunsa daga Mounkaila saboda ƙaunar Malam Sa'idu, yau in an tashi ya je ya miƙa masa. In yana neman wanda zai hana wa hannu, ina sahun baya.

Sa'idu, ban nemi gafararka ba lokacin da kake iya bayarwa, kuma ba ni da ikon ɗaukar ta yanzu da ba ka iya hanawa. Sai mun tsaya gaban Wanda ba ya bukatar tafinta.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Sa'idu. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa shi, ka suturta shi kamar yadda ya suturta 'ya'yan mutane a baƙuwar ƙasa. Zargin da ya yi wa maƙwabcinsa bisa kuskure kada ka kama shi da shi, ka ɗora shi a kan wanda ya jawo. Ka sa wulaƙancin da ya gani a ƙarshen rayuwarsa ya zama kankarar zunubansa, ka haɗa shi da iyayensa a Aljanna Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Safi, da Dokta Nazir, da Raihana, da ƙannensa da 'yan uwansa na Damagaram, da dukan ɗaliban da suka ratsa ta gidansa. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare muku gidajenku. Ina kuma miƙa ta ga Malam Mounkaila, wanda ba wanda ya yi wa gaisuwar rashin amininsa. Allah ya saka masa, ya sa mu cika da imani.

Saley Ma'azu
Belleville, Paris
Afrilu 2019